A biya mai dabara, amma kada a kulle dabarar

A ƙarshen layinmu akwai wani saurayi mai rumfar cajin waya. Duk ranar da wuta ta kwana biyu ba ta leƙo unguwa ba, tun da hantsi teburinsa yake cika maƙil: wayoyi a jere, kowace da 'yar takarda mai lamba manne a bayanta, igiyoyin caja sun sarƙe da juna, ƙaramin janareta yana ta ƙugi a gefe. Wata rana ina tsaye ina jiran tawa, sai ga wata dattijuwa ta zo karɓar tata. Ta danna, ta ga batirin bai kai rabi ba, ta miƙa masa ta ce, "Ɗan nan, ƙara mata ko kaɗan ne, jikana zai kira daga makaranta da daddare." Ya jawo mata benci ya ce, "To Inna, zauna ki huta, yanzu za ta ƙaru."

Wannan "ko kaɗan" ɗin nata shi ya zaunar da ni rubutun nan. Mu dai idan za mu sayi waya, girman batir muke fara tambaya. Amma duk mai gyaran waya a Farm Centre ya san cewa wayoyi biyu masu batir iri ɗaya, ɗaya takan kai ka har bayan isha'i, ɗayar kuwa kafin la'asar ta yi shiru. Kaso mai yawa na wannan bambanci yana cikin furosesa, ɗan baƙin fallen nan da bai wuce farcen babban yatsa ba, wanda shi ne ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta. A cikinsa akwai dabarun tsimin wuta iri-iri, kuma kusan kowace dabara akwai mai riƙe da takardar mallakar ƙirƙira yana cewa tasa ce. Kusan shekara ashirin ke nan ana ja-in-ja a kansu a kotunan Amurka da Jamus, ana ambaton kuɗin da kai ba ya ɗauka.

Sai an ɗan san yadda abin yake aiki kafin a gane abin da ake rigima a kai. Furosesa tarin ƙananan makunnai ne da ake kira tiransista, biliyoyinsu, suna kunnuwa suna mutuwa bisa wani bugu mai kama da bugun zuciya, sau biliyan biyu ko uku a daƙiƙa guda. Kowane bugu da 'yar wutar da yake sha. Idan ka rage saurin bugun da rabi, shan wutar ya ragu da rabi. Idan kuwa ƙarfin wutar da ake tura masa ka rage da rabi, shan zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. A nan ribar take. Shi ya sa ake koya wa na'ura ta riƙa duba aikin da ke gabanta: in saƙo kawai kake karantawa ta sassauta gudu ta rage ƙarfin wuta, in ka buɗe bidiyo ta ƙara, kamar ɗan acaɓa da ke sakin totur idan ya hau gangara. Akwai kuma kashe ɓangaren da ba shi da aiki a wannan lokacin, yadda uwar gida ke bi tana kashe ƙwan ɗakin da ba kowa. A 2011 kamfanin ARM na Ingila ya fito da tsarin da ya sa wa suna big.LITTLE, inda ake haɗa manyan ƙwaƙwale da ƙanana a falle ɗaya, domin aikin da amalanke zai iya ba sai an tayar da tirela ba.

Tushen wannan ilimi a fili yake. A 1992 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley sun wallafa yadda rage ƙarfin wuta ke rage shanta a irin waɗannan na'urori. A 1994 Mark Weiser da abokan aikinsa a cibiyar bincike ta Xerox PARC suka rubuta yadda manhaja za ta riƙa sassauta furosesa idan aiki ya yi sauƙi. Sai dai a lokacin hankalin manyan kamfanoni yana kan gudu ne kawai, kowa yana so a ce nasa ya fi sauri. Zafi ne ya taka musu birki. A 2004 Intel, babban kamfanin ƙera furosesa na Amurka, ya soke wani furosesa da yake shiryawa mai suna Tejas, saboda zafi da shan wutarsa sun wuce misali. Daga nan gasar ta koma wa zai yi aiki mai yawa da wuta kaɗan, kuma duk wata tsohuwar takarda da ta shafi tsimin wuta ta zama zinariya.

Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai dabara da hukuma: ka bayyana wa duniya sirrin dabararka a rubuce, mu kuma mu ba ka shekara 20 daga ranar da ka shigar da buƙata, ba mai amfani da ita sai da izininka. Ni ban da ja da wannan ciniki. Abin da nake ja da shi biyu ne: a mayar da takardar haja da 'yan kuɗi ke saye don kawai su kai ƙara, da kuma a ba mai takarda ikon hana sayar da na'ura ɗungurungum saboda dabara guda ta tsimin wuta. Wanda ya yi wahala a biya shi, kuma a biya shi da wuri. Amma dabarar da ke sa na'ura ta sha wuta kaɗan ba abin kullewa a akwati ba ce.

Zan fara da shari'ar da ta fi taɓa min zuciya, don kada a zaci ina kare manyan kamfanoni ne. A 1995 wani injiniya mai suna Dave Ditzel da abokansa suka kafa kamfanin Transmeta a Kalifoniya. Shekara da shekaru suna aiki a ɓoye, har Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro manhajar Linux, ya yi aiki tare da su. A watan Janairun 2000 suka fito da furosesa mai suna Crusoe, da wata dabara da suka kira LongRun, wadda ke hawa da sauka da gudu da ƙarfin wuta mataki-mataki, gwargwadon aikin da ake yi a wannan lokacin. A cikin watan nan dai Intel ya fito da nasa SpeedStep, amma na farkon nasa mataki biyu kawai gare shi: ko kwamfuta tana jone da wuta, ko tana kan batir. Gaskiya Crusoe bai yi saurin da aka yi ta yayatawa ba, masu saye da yawa sun yi ƙorafi. Duk da haka ya tayar da giwa daga barci. A 2003 Intel ya fito da Pentium M, wanda aka tsara shi musamman don tsimin batir, ya haɗa da ƙarfin kasuwa da masana'antun da Transmeta ba shi da ko kusa da su. Cikin 'yan shekaru ƙaramin kamfanin ya daina ƙera furosesa, ya koma sayar da lasisin dabarunsa ga irin su Sony da Fujitsu da NEC.

A watan Oktoban 2006 Transmeta ya kai Intel ƙara a jihar Delaware, yana cewa an yi amfani da dabarunsa ba izini. Intel shi ma ya mayar da martani da tasa ƙarar. Bayan shekara guda suka sasanta: Intel zai biya dala miliyan 150 nan take, sannan miliyan 20 duk shekara har shekara biyar. Ba alƙalin da ya ce wane ne mai gaskiya, sulhu aka yi. Amma a ganina irin wannan ce shari'ar da aka yi dokar dominta. Mutane ne suka zauna suka yi tunani, suka ƙera abu, suka kai shi kasuwa, suka canza alƙiblar masana'anta baki ɗaya, sannan wanda ya fi su ƙarfi ya cinye kasuwar. In ba don takardun nan ba, da hannu rabbana za su tashi. Abin da ya biyo baya ne ya fi damuna. A farkon 2009 wani kamfani mai suna Novafora ya saye Transmeta, shi ma bai shekara ba ya rufe, tarin takardun kuwa suka koma hannun Intellectual Ventures, kamfanin da sana'arsa ita ce tara takardun mallaka da karɓar kuɗi a kansu. Injiniyoyin sun watse, takardun sun ci gaba da yawo.

Na san a cikinmu akwai masu ganin cewa ilimi ba a mallakarsa, don haka duk wannan tsari zalunci ne tun daga tushe. Ina girmama wannan ra'ayi, domin mun taso ana gaya mana girman laifin ɓoye ilimi. Amma takardar mallaka ai bayyana ilimin take tilasta wa mai shi, amfani da shi don kasuwanci ne take taƙaitawa na wani lokaci. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. To amma shari'ar da ta kare dukiyar ɗan kasuwa ita ce kuma ta hana shi ɓoye hatsi lokacin da jama'a ke buƙata don farashi ya tashi. A tsakanin waɗannan biyun nake tsaye.

Shari'ar Jami'ar Wisconsin ta nuna wani ciwon daban. Jami'ar tana da wata gidauniya mai suna WARF, wadda tun 1925 take kula da takardun mallakar malamanta tana mayar da ribar cikin bincike. Maganin hana daskarewar jini da likitoci ke kira warfarin ma daga sunanta ya samo nasa. A 1998 aka ba Farfesa Gurindar Sohi da ɗalibansa uku takarda a kan wata dabara ta hasashe: furosesa yakan yi gaba da wasu ayyuka kafin lokacinsu don ya rage jira, in ya yi kuskure sai ya zubar ya sake, wanda asarar lokaci ce da wuta. Dabararsu tana sa shi ya riƙa tuna inda ya taɓa yin kuskure don kada ya maimaita. Gidauniyar ta kai Intel ƙara a 2008, aka sasanta a shekara mai bi. A 2014 ta kai Apple, a kan furosesoshin A7 da A8 na iPhone da iPad. A Oktoban 2015 masu taya alƙali hukunci suka ce Apple ya biya dala miliyan 234. A 2017 alƙali ya ƙara kuɗin ya kai miliyan 506. A Satumban 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe komai.

A kan me? A kan kalma ɗaya. Takardar ta ce hasashen yana rataye ne da wani umarni "takamaimai", na Apple kuwa yakan haɗa umarni fiye da ɗaya a ƙarƙashin lamba guda. Dala rabin biliyan ta tashi a kan fassarar kalma. Ba na cewa kotun ta yi kuskure, domin iyakar gona ita ce iyakar gona, kuma wanda ya rubuta takarda shi ya shata iyakarsa da hannunsa. Abin da nake cewa shi ne, tsarin da zai ɗauki kusan shekara biyar, ya cinye miliyoyin daloli na lauyoyi, kafin a gane ma'anar kalma ɗaya, ba ƙaramin mai ƙirƙira zai amfana ba. Jami'a mai gidauniya ta iya jurewa. Injiniya ɗaya mai ɗan ɗakin gwaji fa?

Sai babbar, wadda ta sa na fara bin wannan batu da gaske. A ranar 2 ga Maris 2021, a garin Waco na jihar Teksas, masu taya alƙali hukunci suka ce Intel ya biya wani kamfani mai suna VLSI Technology dala biliyan 2.18 a kan takardu biyu. Ta farko, wadda aka yi wa kuɗi biliyan 1.5, ta shafi wata matsala ta gaske: idan ka rage wa furosesa wuta sosai, ma'ajiyar bayanan da ke cikinsa takan manta abin da ta riƙe, don haka sai a san mafi ƙarancin wutar da take buƙata, a ba ta nata layin daban idan sauran sun yi ƙasa. Ta biyu, ta dala miliyan 675, ta shafi yadda ake sauya saurin bugu idan wani ɓangare ya nemi ƙari.

Wane ne VLSI? Ba ya ƙera komai, ba ya sayar da komai. An kafa shi a 2016 a ƙarƙashin inuwar Fortress, wani kamfanin juya kuɗi na New York wanda daga baya SoftBank na Japan ya saya. Takardun kuwa injiniyoyin Freescale da SigmaTel ne suka rubuta su shekaru da dama kafin nan. Freescale ya saye SigmaTel a 2008, NXP na ƙasar Holan ya saye Freescale a 2015, sannan takardun suka gangaro hannun VLSI. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Mutanen da suka kwana a ɗakin gwaji suna auna wuta albashinsu suka karɓa tun tuni, wanda ya zo kotu neman biliyoyi kuwa takarda ya saya.

Kuma ba banza aka kai ƙarar Waco ba. A lokacin alƙali ɗaya ne tak ke sauraron irin waɗannan ƙararraki a can, Alan Albright, tsohon lauyan takardun mallaka da aka naɗa a 2018, wanda aka san shi da gaggauta kai shari'a gaban masu taya hukunci. Zuwa 2021 kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk ƙararrakin takardun mallaka na Amurka a gabansa suke, har sai da babban alƙalin yankin ya ba da umarni a Yulin 2022 cewa a riƙa rarraba su ta hanyar ƙuri'a. Mai ƙara ya zaɓi alƙalinsa da kansa, wannan ko a kotun unguwa ba za a kira shi adalci ba.

Abin da ya biyo baya ya fi hukuncin ban takaici. Tun kafin shari'ar Intel ya nemi ofishin rajistar takardun mallaka ya sake duba ko takardun nan biyu sun cancanta tun asali. Ofishin ya ƙi dubawa, ba don hujjar ba ta da ƙarfi ba, sai don wai ranar shari'a ta kusa. Bayan hukuncin sai wasu sababbin kamfanoni biyu da ba a san su ba suka ɓullo, suka kwafi hujjojin Intel suka sake shigarwa. Ɗaya daga cikinsu, OpenSky, shugabar ofishin ta lokacin, Kathi Vidal, ta same shi da laifin neman kuɗi daga ɓangarorin biyu, ta hukunta shi. Amma da aka zauna aka duba hujjojin, a 2023 ofishin ya ce abin da takardun biyu ke iƙirari ba sabo ba ne, an riga an san shi. A Disambar shekarar kuma kotun ɗaukaka ƙara ta soke diyyar biliyan 2.18: ta ce ba a tabbatar da keta takarda ta biyu ba, ta farkon kuma an keta amma lissafin kuɗin akwai kuskure a ciki, a sake. A tsakanin nan an yi wasu shari'o'in biyu, Intel ya ci ɗaya a Afrilun 2021, aka ci shi kusan dala miliyan 949 a ɗayar a Nuwambar 2022.

Lissafin nan ya cancanci a tsaya a kansa. Masanin da VLSI ya kawo ya ce dabarar tana rage shan wuta da kashi 5 da ɗoriya cikin 100. Wani masanin ya juya wannan ya zama ƙarin gudu, ya juya gudun ya zama ƙarin farashi, ya ninka da ɗaruruwan miliyoyin furosesa da aka sayar. Kotun sama ta gano cewa awon farkon an haɗa shi da yanayin da dabarar ba ta ma aiki a cikinsa. To ko da awon ya yi daidai, akwai matsalar da ta fi wannan. Furosesa ɗaya yana ɗauke da dubban dabaru, kowace ta jingina da 'yar'uwarta. Idan duk wanda ya kawo bulo ɗaya a gini zai ce ai ba don bulona ba katanga za ta faɗi, don haka a ba ni kaso daga kuɗin hayar gidan, kafin a gama biyan masu bulo kuɗin ya ninka darajar gidan sau goma. Kuma mutanen da ake ɗora wa wannan lissafi talakawan gari ne da aka kira daga gidajensu, aka ba su mako guda su fahimci abin da injiniya ke shekaru yana koyo. Ba laifinsu ba ne, an ɗora musu kayan da ba nasu ba.

A Jamus kuma hukuncin ba a kuɗi yake tsayawa ba. A Disambar 2018 wata kotu a Munich ta ba Qualcomm, kamfanin Amurka mai ƙera furosesoshin waya, umarnin hana sayar da wasu wayoyin iPhone, a kan dabarar da ke daidaita wutar da waya ke sha lokacin da take aika sigina, don batir ya daɗe. Qualcomm ya ajiye jinginar yuro biliyan 1.34 don a zartar, Apple ya kwashe iPhone 7 da 8 daga shagunansa na ƙasar. Shi ma Apple ɗin tun 2017 ya shigar da tasa ƙarar cewa furosesoshin Snapdragon na Qualcomm sun keta nasa takardun na tsimin batir. Kowa ya san ainihin faɗansu a kan kuɗin lasisi ne, takardun tsimin wuta sanduna ne kawai da kowa ya rarumo, kuma a Afrilun 2019 suka sasanta suka zubar da sandunan. A Fabrairun 2024 wata kotu a Dusseldorf ta sake yin irin haka, ta hana sayar da wasu furosesoshin Intel saboda ƙarar wani ƙaramin kamfani mai suna R2 Semiconductor a kan daidaita ƙarfin wuta a cikin falle. Bayan 'yan watanni babbar kotun Ingila ta duba takwarar wannan takarda ta ce ba ta inganta ba. Daga bisani aka sasanta. A tsarin Jamus kotun da ke duba keta haƙƙi daban take da wadda ke duba ingancin takarda, don haka ana iya rufe maka shago tun kafin a tabbatar takardar ta gaske ce.

Idan aka hana na'ura saboda dabarar tsimin wuta, zaɓin da ya rage wa mai ƙerawa shi ne ko ya biya duk abin da aka yanka masa, ko ya cire dabarar ya sayar da na'ura mai shan wuta. Na biyun asara ce ga kowa, har da wanda bai san ana yi ba. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 manyan rumbunan kwamfutoci kaɗai sun sha kusan kashi 1.5 cikin 100 na wutar duniya. A irin wannan ma'auni, ɗan kaso kaɗan na tsimi tashar wuta ce sukutum.

Akwai amsa mai nauyi da ake ba masu ra'ayi irin nawa, kuma ba zan kauce mata ba. Tun 2006, da kotun ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar eBay cewa ba dole ne a hana sayar da kaya duk lokacin da aka keta takarda ba, ƙananan masu ƙirƙira ke kuka cewa manyan kamfanoni sun daina jin tsoro. Su ɗauki dabararka, su ce ka je kotu, sun san kafin a gama ka talauce. Kuma suna cewa kamfani irin Fortress shi ne kaɗai mai aljihun da zai iya tsayawa da Intel shekara bakwai, don haka sayar masa da takarda ita ce hanya ɗaya da mai ƙaramin ƙarfi zai ga ko sisi. Akwai gaskiya a nan. Intel ɗin da ke kuka yau, shi ne ya yi shekaru yana jan abokan gasarsa AMD da Cyrix a kotu da nasa takardun. Ba waliyyi a cikinsu.

Sai dai maganin wannan ciwo ba rufe kasuwa ba ne. Dokar Amurka ta riga ta ba alƙali ikon ninka diyya har sau uku idan an keta da gangan, sai a yi amfani da shi ba sani ba sabo, a kuma ɗora wa wanda ya ja shari'a da gangan kuɗin lauyoyin abokin ƙararsa. A fara duba ingancin takarda kafin komai, masana su duba, cikin watanni. Da an yi haka a 2020, da ba a ɓata shekaru a kan takardun Waco ba. Diyya kuma a auna ta da abin da ake biya na lasisin irin wannan dabara a kasuwa, kada a auna ta da farashin na'ura gaba ɗaya.

Wani zai ce ina ruwanmu da faɗan attajiran Amurka. Ruwanmu yana cikin aljihunmu. Tecno da Infinix da itel, waɗanda su ne suka cika teburin mai cajin layinmu, duk na kamfanin Transsion ne na birnin Shenzhen a ƙasar Sin, wanda ya fi kowa sayar da waya a Afirka. A 2024 Qualcomm ya kai shi ƙara a Indiya da Turai a kan takardun mallaka, daga baya suka sasanta. Wayar mai ƙaramin ƙarfi ribarta siririya ce, duk dalar da aka ƙara ta lasisi ko ta lauya, ko dai ta hau kan farashi, ko a rage wani abu a cikin wayar. Baturen da ke da wuta dare da rana, in batirinsa ya rage awa ɗaya, soket yana gefen gadonsa. A wurinmu awa ɗayan nan ita ce kiran da aka samu ko aka rasa, ita ce cinikin mai POS da ya tsaya, ita ce karatun ɗalibin da ya yanke a tsakiya. Mu da ba a taɓa kiranmu shaida ba, mu muka fi kowa sanin darajar abin da ake shari'a a kai.

Abu na ƙarshe da nake so a yi shi ne mafi sauƙi, kuma an riga an gwada shi. A Afrilun 2022 babban alƙalin kotun tarayya ta Delaware, Colm Connolly, ya kafa ƙa'ida a kotunsa cewa duk kamfanin da ya kawo ƙara sai ya faɗi su wane ne masu shi na ainihi, har a kai ga sunan mutum, da kuma wanda ke biyan kuɗin shari'ar. VLSI yana da wata ƙarar a gabansa a kan Intel, ta biliyoyin daloli. Alƙalin ya duba bayanin da suka kawo ya ce bai wadatar ba, ya dakatar da shari'ar. A Disambar shekarar aka janye ƙarar, Intel bai biya ko kwabo ba. Ina so a ce kowace kotu da ke sauraron irin wannan ƙara, a Teksas take ko a Munich, tambayar da za ta fara yi ke nan kafin a buɗe fayil: wa ya ƙirƙiro dabarar, wa ke riƙe da takardar yanzu, kuma nawa ne daga cikin kuɗin zai koma hannun na farkon.